Motar Lego da Mutum Ya Ƙera da Kansa: Wasan Yara Ce, Kuma Mallakar Wa Ce?

Idan mutum ya sayi bulon roba na kamfanin Lego, ya zauna ya ƙera mota mai giya da sitiyari wadda kamfanin bai taɓa fitar da irinta ba, wane ne mai wannan ƙira? Shi da ya hana idonsa barci yana lissafi, ko kamfanin da ya zuba robar, ko kuwa duk wanda ya ga bidiyonta ya iya kwaikwaya?

Tambayar ta taso ne saboda yadda bidiyoyin irin waɗannan na'urori suka cika TikTok da YouTube da Facebook: tirela mai ɗaga kaya, injin da fistin ɗinsa ke hawa da sauka, agogo mai tafiya, na'urar da ke ɗaukar 'yan ƙwallaye tana miƙa wa ta gaba. Masu kallo sun kasu. Wasu na cewa babba da gemunsa ya zauna wasan yara. Wasu sun ɗauka duk abin da suka gani kamfanin ne ya ƙera shi ya sa a kwali. Wasu kuma, da zarar sun ga irin wannan bulo a kasuwa da wani suna daban, sai su ce jabu ne, kayan sata ne. Duka fahimtar uku akwai gyara a cikinsu, kuma gyaran yana da amfani ga iyaye da malamai da matasan da ke sha'awar ƙere-ƙere.

Me ake magana a kai?

Kamfanin Lego na ƙasar Denmak ne. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara shi a garin Billund a 1932, da kayan wasa na katako. Bulon da aka sani yanzu, mai 'yan maɓallai a sama da bututu a ƙasa waɗanda ke kama juna, ɗansa Godtfred ne ya yi masa rajistar ƙirƙira a ranar 28 ga Janairu, 1958. Bulon da aka yi a waccan shekara har yau yana kama wanda aka yi jiya, domin ma'aunin bai canza ba: milimita 8 ne tsakanin maɓalli da maɓalli, tsayin bulo ɗaya kuma milimita 9.6.

A 1977 kamfanin ya fito da wani reshe da daga baya aka sani da suna Technic. A nan ne aka sami sanduna masu ramuka, da ƙusoshin roba da ke haɗa su, da aksil mai siffar alamar tarawa, da fayafayai masu haƙora. Da waɗannan ake yin abin da ke motsi. Galibin bidiyoyin da ke ba mutane mamaki daga wannan reshe suke.

Sai kuma bambancin da ya fi muhimmanci. Akwai kwalin da kamfani ke sayarwa, da kayansa a ƙirge da littafin da ke nuna yadda za a haɗa su mataki-mataki. Wanda ya bi littafin ya yi haɗi ne kawai. Akwai kuma abin da mutum ya tsara daga kansa, ba littafi, ba kwali. Masu wannan sha'awa suna kiran irinsa MOC. Maganarmu a kan na biyun take. Yawancin masu yin sa manya ne: injiniyoyi, malaman makaranta, direbobi, ma'aikatan ofis da ke komawa teburinsu bayan an tashi aiki.

Abin da ke cikin cikin motar

Mai cewa wasan yara ne bai leƙa cikin motar ba. A ɗauki fayafayan haƙora. Waɗanda aka fi amfani da su suna da haƙora 8, 16, 24 da 40, sai wasu masu 12, 20 da 36. Idan mai haƙora 8 yana juya mai 24, sai ƙaramin ya zagaya sau 3 kafin babban ya zagaya sau ɗaya. Gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin juyi kuma ya ninka sau uku. Duk wanda ya taɓa hawa tudu da keke mai canjin kaca ya san wannan a ƙafarsa: feda tana sauƙi, keken yana tafiya a hankali. Idan aka ƙara mataki na biyu, mai 8 ya juya mai 40, an sami 15 da 1 ke nan, sai ɗan injin batir da bai kai girman ƙwai ba ya ɗaga abin da ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Amma ba a ko'ina ake dasa faifan ba. Sai haƙoran sun shiga juna daidai, ramukan sandar kuma ba sa matsawa don son ranka. Masu ƙira suna da wata 'yar dabara: a haɗa yawan haƙoran biyu, a raba da 16, abin da ya fito shi ne tazarar ramukan. Mai 8 da mai 24 sun ba da 32, saboda haka tazarar rami biyu. Mai 8 da mai 40, rami uku. Idan lissafin bai fita cif ba, sai an nemi wata hanya, ko a karkata sanda, ko a sake tsarin gaba ɗaya. Haka nan idan ana so a ɗaure bulo biyu masu rami da ke kan juna da sanda a tsaye, sai an sa 'yan falle biyu, masu kaurin milimita 3.2 kowanne, a tsakaninsu, domin 9.6 da 3.2 sau biyu ne ke ba da milimita 16, wato tazarar rami biyu daidai. Wanda bai san wannan ba zai yi ta tura ƙusa tana ƙin shiga.

Sannan ga matsalolin da kowane bakanike ya sani. Roba tana lanƙwasa. Aksil mai tsawo yana murɗewa idan nauyi ya yi yawa. Faifai mai haƙora 8 shi ne ke fara karyewa. Idan ba a tallafe faifai ta gefe biyu ba, haƙoran su riƙa tsallake juna suna ƙara. Kowane faifan da aka ƙara yana cinye wani abu na ƙarfin injin ta hanyar gogayya. Abin da ya yi kyau a ido na iya ƙin motsi sam.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Andrew Carol, wani injiniyan manhaja a Amurka. A 2010 ya sake gina na'urar Antikitera, wata tsohuwar na'urar Girkawa ta tagulla da aka tsamo daga jirgin ruwan da ya nutse, a 1901, wadda aka yi ta fiye da shekara 2,000 da suka wuce don lissafin tafiyar rana da wata da lokacin husufi. Ya yi amfani da kayan Technic kusan 1,500, da fayafayan haƙora 110. Wahalar ita ce, Girkawan sun yanka wa fayafayansu yawan haƙoran da suke so, har da mai 223, shi kuwa ba shi da ikon yanka ko ɗaya. Sai ya koma ga wani ɓangare da ke cikin kowace mota, wanda ke zaune tsakanin tayoyin da injin ke juyawa yana barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. Wannan ɓangare yana juyawa ne a kan matsakaicin gudun gefensa biyu. Ke nan idan, a misali, aka ba gefe ɗaya juyi 18, ɗaya gefen juyi 20, shi zai ba da 19, lambar da babu faifan Lego da ke da ita. Da irin wannan dabara na'urarsa ta riƙa nuna lokacin husufi. Robar kowa na iya sayenta a kanti. Tunanin mayar da kayan mota ya zama na'urar tara lissafi, wannan na Carol ne, kuma a kan irin wannan tunani ake rigimar mallaka.

Daga teburin mutum ɗaya zuwa duniya

Kafin intanet, wanda ya ƙera abu sai dai ya nuna wa abokansa, ya ɗauki hoto, ya wargaza. Abubuwa kaɗan ne suka canza haka, kuma kusan duka masu sha'awa ne suka fara su, ba kamfanin ba.

A 1995 wani ɗan Ostareliya, James Jessiman, ya rubuta manhajar LDraw, wadda ke ba mutum damar zana ƙirarsa a kwamfuta bulo-bulo. Ya rasu a 1997, masu sa kai suka ci gaba da aikin, har yau kuma rumbun zanen kayan da suka tara shi ne ginshiƙin manhajoji da dama. A 2000 Dan Jezek ya buɗe kasuwar BrickLink, inda mutum zai sayi faifai guda ko ƙusa ashirin daga 'yan kasuwa masu warware kwalaye suna sayarwa ɗai-ɗai. Daga baya aka sami Rebrickable, inda mai ƙira ke ɗora jerin kayan da ake buƙata da takardar umarni, wani kyauta, wani da kuɗi. Za ka shigar da lambobin kwalayen da kake da su, ta nuna maka ƙirar mutane da za ka iya haɗawa da su da kuma abin da ya rage maka ka saya.

Manhajar da aka fi amfani da ita yanzu ita ce Studio ta BrickLink, kuma kyauta ce. Tana nuna inda kaya biyu suka ci karo, tana ƙirga kayan, tana kimanta kuɗinsu, tana kuma fitar da shafukan umarni. Abin da ba ta yi shi ne gaya maka ko aksil zai murɗe ko haƙora za su tsallake. Shi ya sa masu ƙirar kirki ke ginawa da hannu, su gwada, su wargaza, su sake, kafin su fitar da umarni. Shi kansa rubuta umarnin aiki ne mai zaman kansa: dole kowane mataki ya yiwu da yatsun mutum, kada a ce a sa ƙusa a wurin da mataki na baya ya riga ya toshe. Babbar mota na iya cin shafi ɗaruruwa da aikin watanni.

Akwai wani salo da ke nuna amfanin ma'auni ɗaya ƙarara. A 2005 Steve Hassenplug ya fitar da ƙa'idar abin da ake kira GBC: kowa ya ƙera tasa na'urar yadda ya ga dama, sharaɗin kawai ta karɓi 'yan ƙwallaye ta miƙa su ga ta gaba, kimanin ƙwallo ɗaya a daƙiƙa, a tsayin da aka yarda da shi. Sai mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba su zo taro, su jera na'urorinsu, ƙwallayen su yi ta zagayawa. Ɗan Japan Akiyuki Kawaguchi ya yi fice a nan, wasu kuma suka riƙa nazarin bidiyonsa suna fitar da umarnin na'urorinsa don saura su gina.

Yadda kamfanin ya koyi zama da masu ƙira

Da farko kamfanin bai ɗauki manyan masu sha'awa da muhimmanci ba, yara yake kallo. Abin da ya fara juya ra'ayinsa shi ne Mindstorms, kayan haɗa mutum-mutumi mai ƙwaƙwalwar kwamfuta da ya fitar a 1998 bayan doguwar hulɗa da jami'ar MIT. Ba a daɗe ba wani ɗalibi a jami'ar Stanford, Kekoa Proudfoot, ya tone yadda ƙwaƙwalwar ke aiki ya baza bayanin, wasu kuma suka rubuta mata sabbin manhajoji. Kamfanin na da damar kai ƙara. Ya zaɓi ya ƙyale su, kayan kuma suka ƙara kasuwa. Lokacin da zai sabunta Mindstorms a 2006, har ya gayyato wasu daga cikin masu sha'awar, ciki har da Hassenplug, su ba shi shawara.

Daga nan aka zo ga tsarin da yanzu ake kira Lego Ideas, wanda ya faro a Japan a 2008. Mutum zai gabatar da ƙirarsa, idan ta sami magoya baya 10,000 sai kamfanin ya duba. Dubawa ba amincewa ba ce, mafi yawa ba sa wucewa. Wadda ta wuce za a mayar da ita kwali, a sa sunan mai ƙirar, a ba shi kashi 1 cikin 100 na cinikin. Ɗan Kanada Jason Allemann ya bi ta wannan hanya da wani faranti mai karkata da ake tura ƙwallo a cikinsa, ya fito a 2016.

A Nuwamba 2019 kamfanin ya sayi BrickLink ɗungurungum, a 2022 kuma ya ajiye tasa manhajar zane ya rungumi Studio. A ƙarshen 2022 ɗin ya daina yin Mindstorms.

Ina doka ta tsaya?

A nan ne aka fi rikicewa, domin abubuwa uku ne daban-daban ake cakuɗawa.

Na farko, rajistar ƙirƙira. Ita ke kare yadda abu ke aiki, kuma tana da wa'adi, galibi shekara 20. Ta bulon 1958 ta daɗe da ƙarewa. Ma'anar wannan ita ce kowane kamfani yana da ikon yin bulo mai kama na Lego, da ma'auni iri ɗaya. Kamfanin ya yi ƙoƙarin riƙe siffar bulon ta wata ƙofar, wato ya ce siffar kanta tambarinsa ce ta kasuwanci, tunda tambari ba ya ƙarewa. Kotun Ƙolin Kanada ta ƙi a 2005, a shari'arsa da masu yin Mega Bloks. Babbar kotun Tarayyar Turai ita ma ta ƙi a 2010. Hujjar kotunan ɗaya ce: siffar da aikin abu ya tilasta ba za ta zama mallakar kamfani ɗaya har abada ba. Yana da kyau a tuna cewa shi ma Lego ya ɗauko asalin bulonsa na 1949 daga na wani Baturen Ingila, Hilary Page, mai kamfanin Kiddicraft, sai a 1981 ya sayi haƙƙin.

Saboda haka bulo mai wani suna da ka gani a kasuwa ba lallai jabu ba ne. Yana zama jabu idan an buga masa sunan Lego alhali ba nasu ba ne, ko an kwafi kwalinsu. Wannan shi ne abu na biyu da na uku: tambari, da haƙƙin mallakar zane da hoto da littafin umarni. Kamfanin Lepin na ƙasar Sin a nan ya faɗa. Ya riƙa kwafar kwalayen Lego sak, har hoton bango. A Afrilu 2019 'yan sandan Shanghai suka kai samame suka kama kayan da aka kimanta kan yuwan miliyan 200, a 2020 kuma kotu ta yanke wa jagoran ɗaurin shekara 6 da tarar yuwan miliyan 90.

To mai ƙira shi kaɗai fa? Takardar umarninsa da hotunansa nasa ne tun daga ranar da ya yi su, ba sai ya yi rajista ba, haka tsarin haƙƙin mallaka yake a yawancin ƙasashe. Dabarar da ke ciki kuwa, kamar yadda ya jera fayafayai ya sami giya huɗu, ba ta da wannan kariya, kowa na iya koyo ya yi amfani da ita. Tsakanin biyun akwai fili mai faɗi: ita motar gaba ɗaya, siffarta da tsarinta. Idan wata masana'anta ta sayi umarnin da dala 15, ta zuba kayan a kwali, ta sake zana shafukan, ta sayar da dubbai ba tare da ambaton mai ita ba, abin da ya sha faruwa ke nan, a takarda mai ƙirar yana iya samun hujja. A zahiri kuwa mutum ɗaya mai albashi ba zai iya ɗaukar lauya a wata nahiya ba. Lego ya kayar da Lepin ne domin yana da aljihun bin shari'a shekara da shekaru.

Akwai kuma wani ƙulli. Mai ƙirar da ya yi kwafin wata sananniyar mota, ya manna mata tambarin kamfaninta, yana sayar da umarni, shi ma ya taka haƙƙin wasu. Shi ya sa za ka ga an sa wa ƙira suna irin "jar motar tsere ta Italiya", kowa ya gane wadda ake nufi.

Ɓangarorin da ke jayayya

Masu ra'ayin kyauta na cewa duk wannan harka a kan kyauta aka gina ta. LDraw kyauta aka bar wa mutane. Babu mai ƙirar da bai koyi dabara daga hoton wani ba, to don me zai sa wa nasa kuɗi? Suna kafa hujja da irin Shubham Banerjee, yaro ɗan makaranta a Kalifoniya wanda a 2014 ya haɗa na'urar buga rubutun makafi da kayan Mindstorms, ya kuma saki umarnin ga duk mai so.

Masu sayarwa na cewa watanni suka yi, kayan gwajin ma da kuɗinsu suka saya, kuma ba wanda aka tilasta wa saye. Sun ƙara da cewa tunda aka fara biya, ingancin umarni ya ƙaru, domin mai saye ba zai yi shiru ba idan mataki na 200 ya ƙi haɗuwa.

Masu sayen kwalayen masana'antun da ke kwafa su ma suna da abin cewa. Tara kayan babbar mota ɗai-ɗai daga 'yan kasuwa goma a ƙasashe daban-daban, da kuɗin aike, na iya ninka farashin kwali ɗaya da aka haɗa komai a ciki. Ga mai ƙaramin ƙarfi, ko wanda ke ƙasar da aike ke da wuya, wannan ba ƙaramar hujja ba ce.

A ganina kukan tsada gaskiya ne, amma bai halatta goge sunan mutum daga aikinsa ba. Kuma an riga an nuna cewa akwai mafita: wasu kamfanonin Sin, irin su CaDA, suna yarjejeniya da masu ƙira, su biya su, su buga sunansu a kwali, kuma har yanzu kwalin ya fi arha. Tunda hakan na yiwuwa, masana'antar da ta ƙi yi ta zaɓi cin gumin wani ne da gangan. Shi ma Lego ban wanke shi tas ba. Kashi 1 cikin 100 kaɗan ne ga wanda ya kawo tunanin ya kuma tara wa kamfani masu saye 10,000 tun kafin a buga kwali. Sannan kamfani ɗaya yanzu shi ke yin kayan, shi ke da babbar kasuwar sayar da su ɗai-ɗai, shi ke da manhajar zane. Duk ranar da ya canza ƙa'ida, masu sha'awa ba su da wurin gudu mai girman wannan. Waɗanda suka nuna fargaba lokacin da kamfanin ya sayi BrickLink a 2019 ba su yi kuskure ba.

Me ya shafe mu a ciki?

Yaranmu ba baƙin ƙira ba ne. Motar kara, motar langa-langa da gwangwani, tayar silifas, sitiyarin waya mai tsawo da yaro ke tuƙawa a tsaye, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya gani ko ya yi. Hazaƙar ɗaya ce da ta wanda ke zaune a Jamus da akwatunan Technic. Abin da ya raba su biyu ne. Kayan wancan suna da ma'auni ɗaya, saboda haka abin da ya yi aiki a hannunsa zai yi aiki a hannun wani a Japan. Sannan yana rubuta yadda ya yi. Yaronmu kuwa, ranar da motar ta karye ko ya girma, dabarar ta tafi, ƙaninsa sai ya faro daga tushe. Wannan ne ke damuna, kuma gyaransa bai buƙaci a sayi ko bulo ɗaya ba. Malamin da zai sa ɗalibi ya auna abin da ya ƙera, ya zana shi mataki-mataki, ya sa sunansa, ya ba wani ɗalibin ya gwada ginawa daga zanen kaɗai, ya koyar da rabin aikin injiniya.

Ga iyaye, babban kwalin Technic na asali ya fi ƙarfin yawancin gidaje, balle da canjin dala na yanzu. Bulo mai wani suna halal ne a doka muddin ba kwafin kwalin wani ba ne, sai dai inganci ya bambanta: wani yana kamawa da kyau, wani ƙusoshinsa sun yi tauri ko sun yi sako-sako, kuma a na'ura mai motsi wannan ɗan bambanci ne ke hana faifai juyawa. Akan ci karo da na asali a cikin kayan wasan yara na gwanjo, ana gane shi da sunan kamfanin da ke rubuce a kan kowane maɓalli. Ko wanne aka saya, a nisanta shi daga yaron da bai kai shekara 3 ba, domin ƙananan kayan na iya shaƙe shi. Kuma kwali ɗaya da yaro zai wargaza ya sake ginawa sau da yawa ya fi manya uku da za a jera a kan kabad.

Ga makarantu, gasar FIRST Lego League da aka fara a 1998 ta iso Najeriya, inda ƙungiyoyin ɗalibai ke haɗa mutum-mutumi su yi takara. Makarantar da ba ta da halin wannan, idan tana da kwamfuta ko da guda biyu, Studio ba ta cin ko sisi, kuma ɗalibi zai iya koyon lissafin haƙora da tsara umarni a cikinta.

Ga matashin da ya ji cewa ana sayar da umarni da dala, gaskiya ne, amma kada ya ɗauke ta sana'ar da za ta riƙe gida. Kaɗan ne ke samun abin kirki, kuma su ma sai bayan shekaru suna sakin aiki kyauta har aka san sunansu. Masu saye suna son ganin bidiyon abin yana motsi a zahiri, wanda ke nufin sai an mallaki kayan. Sai kuma ya binciki hanyar da kuɗin zai iso hannunsa daga waje tun kafin ya fara. Inda yake da fifiko shi ne abin da zai ƙera. Motocin tseren Turai an yi su har an gaji. Keke Napep mai sitiyari da giya, injin markaɗe da bel ɗinsa, injin ban-ruwa na fadama, amalanke, tirelar shanu, waɗannan shi ya san su ciki da waje, ya san inda suke lanƙwasa da inda suke ƙara, mai ƙira a Turai kuwa sai dai ya gan su a hoto. Idan zai saki irin wannan, ya sa sunansa a kowane shafi, ya ajiye fayil ɗin asali mai kwanan wata, ya kuma rubuta a fili ko ya yarda a gina don sha'awa kawai ko har da sayarwa.